Tambayoyin Masu Karatu: Ziyarar Dandalin Plaza Mayor a Birnin Madrid

Wasiƙu huɗu ne suka taru a teburinmu a wannan watan, dukkansu daga cikin garin Sakkwato, kuma duk suna tambaya ne a kan wuri ɗaya, wato tsohon dandalin da ke tsakiyar Madrid, babban birnin ƙasar Sifaniya. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen marubutansu kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wani malamin jami'a da ke zaune a Runjin Sambo: Assalamu alaikum. An gayyace ni taron ƙara wa juna sani a Madrid a watan Oktoba, kuma masu masaukinmu sun sa ziyarar wani dandali mai suna Plaza Mayor a jadawalin ranar ƙarshe. Shin wurin ya cancanci a ɓata masa yini? Kuma zan ga wani abu na tarihin Musulmin Andalus a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dandalin ya cancanci ziyara, amma yini guda ya yi masa yawa. Awa ɗaya zuwa biyu sun ishe shi, sauran lokacin kuwa akwai inda ya fi dacewa ka kai shi. Game da tambayarka ta biyu, gara in faɗa maka tun da wuri don kada ka tafi da tsammanin da ba zai cika ba: babu wani gini na zamanin mulkin Musulmi a cikin Plaza Mayor, domin an gina shi ne fiye da shekara 500 bayan garin ya fita daga hannunsu. Abin da kake nema yana nan a Madrid, amma sai ka taka ƙafa kaɗan zuwa yamma.

Asalin wurin kasuwa ce. A ƙarni na 15 fili ne kawai a bayan ganuwar gari, inda hanyar Toledo ta haɗu da ta Atocha, kuma a nan mutanen karkara ke sauke kayan abincin da suka kawo. Da Sarki Felipe na Biyu ya mayar da fadarsa Madrid a 1561, garin ya cika ya batse, aka ga bai dace kasuwar birnin sarki ta zauna a hargitse ba. An fara da ginin da ake kira Casa de la Panadería a 1590, wanda daga cikinsa ake kula da cinikin burodin gari da farashinsa. Sai a zamanin ɗansa, Felipe na Uku, aka danƙa aikin dandalin gaba ɗaya ga magini Juan Gómez de Mora a 1617, shi kuma ya kammala shi a 1619, wato shekara 190 kafin Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa Sakkwato a 1809.

Sai dai abin da idonka zai gani yau ba shi ne ainihin ginin farko ba. Gobara ta ci dandalin har sau uku, a 1631 da 1672 da 1790, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda benaye ne masu tsawo da aka yi da katako mai yawa, jama'a na zaune a cikinsu suna girki da jin ɗumi da wuta. Gobarar ƙarshe ta lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen. Maginin da aka ba gyaran, Juan de Villanueva, ya rage tsawon benayen zuwa hawa uku a kan rumfunan ƙasa, ya kuma toshe kusurwoyin da a da tituna ke ratsawa, ya mayar da mashigan ƙofofi masu baka. Aikin ya ja har 1854, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Wannan gyaran ne ya ba wurin halinsa na yanzu: mutum na iya tafiya a lungunan da ke kewaye da shi bai san akwai fili a kusa ba, sai ya kutsa ta ɗaya daga cikin ƙofofin ya ga sarari ya buɗe masa gaba ɗaya.

Saboda haka ina ba ka shawara ka shiga ta ƙofar da ake kira Arco de Cuchilleros, a kusurwar kudu maso yamma, wadda ta samo sunanta daga maƙeran wuƙaƙe da ke sayar wa mahautan kasuwar kayan aiki. Ƙasa ta gangara sosai a wannan ɓangaren, don haka gidajen da ke bayan dandalin suka yi kauri daga gindi suna tsukewa zuwa sama, domin su ne ke tokare da nauyin filin. Za ka hau matakalar dutse mai tsayi a cikin duhun bakan ƙofar, in ka kai ƙarshenta sai ka tsinci kanka a fili mai tsawon mita 129 da faɗin mita 94, daɓe da ƙananan duwatsu, jajayen benaye sun kewaye shi ta ko'ina, barandarsu sama da 200 duk suna kallon ciki. Barandar nan ba don ado aka yi su ba. A nan ake wasan bijimai da sukuwar dawaki da bukukuwan sarauta da na coci, kuma a irin waɗannan ranaku hukuma ce ke raba wa manyan gari wuraren zama a barandar gidajen mutane. Sarki da iyalinsa kuwa suna zama ne a barandar tsakiya ta Casa de la Panadería, wadda har yanzu tambarin sarauta ke samanta. In kana son ka fahimci aikin wurin a zamaninsa, ka ɗauke shi kamar ƙofar fada ranar hawan salla, inda sarki ke kallon jama'a, jama'a kuma na kallon sarki.

Wannan ginin, mai hasumiya biyu a ɓangaren arewa, shi ne ya fi ɗaukar ido saboda zane-zanen da mai zane Carlos Franco ya yi a fuskarsa a 1992. Hotunan halittun tatsuniyoyin Turawa ne, wasunsu ba sutura, na faɗa ne don kada abin ya zo maka ba zato. A ƙasansa akwai ofishin hukumar birni mai kula da baƙi, inda ake ba da taswira kyauta. A tsakiyar filin kuma akwai mutum-mutumin tagulla na Felipe na Uku a kan doki, wanda aka ƙera a birnin Florence na Italiya. Giambologna ne ya fara shi, Pietro Tacca ya ƙarasa a 1616, amma ba a kawo shi nan ba sai a 1848 bisa umarnin Sarauniya Isabel ta Biyu. Ka riƙe sunan wannan sarki, domin zai sake fitowa a amsar tambaya ta gaba.

In da hali, ka je da hantsi kafin ƙarfe 10, lokacin da ma'aikatan gidajen abinci ke jera kujeru kuma ayarin masu yawon buɗe ido bai iso ba. In ranar ta faɗo Lahadi ka yi sa'a, domin tun 1927 masu tara tsoffin kan sarki da sulalla ke baje kolinsu a ƙarƙashin rumfunan kowace Lahadi da safe, kuma wannan kasuwa ta 'yan gari ce, ba don baƙi aka kafa ta ba.

Daga nan sai ka fita ta arewa ka kama titin Calle Mayor ka yi yamma. Tafiyar ba ta wuce minti 15 ba. A ƙarshen titin, inda hanya ta gangara a gefen babbar cocin Almudena, akwai wani ɗan lambu da aka sa wa sunan Amir Muhammad na Ɗaya, wanda ya mulki Andalus daga Ƙurɗuba tsakanin 852 da 886. Shi ne ya kafa garin a matsayin sansanin tsaro a kan tudun da ke kallon kogin Manzanares, domin ya sa ido a kan Toledo mai yawan tawaye da kuma mashigan duwatsun da ke arewa. Ragowar ganuwarsa, kimanin mita 120 na ƙanƙarar dutse da farar ƙasa, tana nan a tsaye a cikin lambun, ana iya ganinta ko daga bakin titi. Fadar sarakunan Sifaniya da ke ɗan gaba kaɗan a kan harsashin wannan sansani take, bayan tsohuwar fadar ta ƙone a 1734. A wannan ƙaramin gari aka haifi Maslama al-Majriɗi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Ƙurɗuba wajen shekarar 1007. Sarki Alfonso na Shida ne ya karɓe garin wajen 1085, lokacin da Toledo ta faɗa hannunsa. Ganuwar ba ta da ƙawa, kuma yawancin masu zuwa cocin suna wuce ta ba su waiwaya ba, amma a ganina duk Basakkwacen da ya je Madrid ya dawo bai tsaya a gabanta ba ya bar abin da ya fi shafarsa a birnin. In kuma za ka iya ƙara kwana, jirgin ƙasa daga tashar Atocha na kai mutum Toledo cikin kimanin rabin awa, Ƙurɗuba kuma ƙasa da awa biyu.

Tambaya ta biyu, daga wani malamin zaure a Gidaɗawa: Wani almajirina da ya je can ya turo mini hotonsa yana shan shayi a wannan dandali. Ni kuwa na saurari wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, ana cewa a nan ne aka ƙona dubban Musulmi da ransu. Shin haka ne? In haka ne, ya dace Musulmi ya zauna a wurin yana nishaɗi?

Amsa: Allah ya gafarta Malam. Saƙon ya haɗa gaskiya da ƙari, kuma raba su ya zama dole, domin zaluncin da aka yi wa Musulmin Andalus ya kai girman da ba ya bukatar a yi masa ƙari.

Gaskiyar ita ce akwai wata kotun binciken aƙida da Sarki Fernando da Sarauniya Isabel ta Ɗaya suka kafa a 1478 da amincewar Fafaroma, wadda ba a rushe ta gaba ɗaya ba sai a 1834. Hurumin kotun yana kan waɗanda aka yi wa baftisma ne, amma ake zargin suna riƙe da tsohon addininsu a ɓoye. Bayan faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a 1492 an kori Yahudawan da suka ƙi sauya addini, a 1502 kuma aka ba Musulmin masarautar Kastiliya zaɓi tsakanin baftisma da barin ƙasa, duk da yarjejeniyar da aka ƙulla lokacin miƙa Garnaɗa ta tabbatar musu da addininsu. Daga nan ne suka faɗa hannun kotun. Ana iya gurfanar da mutum saboda an ga ba ya cin naman alade, ko yana wanka da sauya tufafi ranar Juma'a, ko ba a ga hayaƙi a gidansa da rana ba a watan azumi. A 1567 aka haramta wa zuriyar Musulmin Garnaɗa harshen Larabci da suturarsu, abin da ya jawo tawayen duwatsun Alpujarras daga 1568 zuwa 1571. Ƙarshe dai aka kori zuriyar Musulmin ƙasar gaba ɗaya tsakanin 1609 da 1614, mutum kimanin 300,000, yawancinsu suka sauka a Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Yankin Valencia kaɗai ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arsa.

Yanzu Malam ya dubi shekarun. An gama korar a 1614, an gama dandalin a 1619. Ke nan lokacin da kotun ta fara zaman bainar jama'a a Plaza Mayor, jama'ar da saƙon ke magana a kanta ta riga ta ƙetare teku. Zaman da ya fi shahara shi ne na ranar 30 ga Yuni, 1680, a gaban Sarki Carlos na Biyu, wanda aka wuni ana yi tun safe har dare. An gurfanar da mutum sama da 100, kuma mafi yawansu ana tuhumarsu ne da bin addinin Yahudanci a asirce. Waɗanda aka yanke wa hukuncin wuta, kimanin 20, ba a cikin dandalin aka ƙona su ba. An fita da su bayan gari ne, wajen ƙofar Fuencarral. Mai zane Francisco Rizi ya zana wannan zama dalla-dalla, kuma zanen yana gidan tarihi na Prado. An kuma sha zartar da hukuncin kisa a kan masu laifi a cikin dandalin, mafi shahara shi ne na Rodrigo Calderón, wani babban bafaden Felipe na Uku, a 1621. Amma batun ƙona dubban Musulmi a wannan fili bai dace da abin da tarihi ya adana ba. Shari'o'in da aka yi wa zuriyar Musulmi sun fi yawa ne a kotunan Garnaɗa da Valencia da Zaragoza.

Alaƙar dandalin da wannan tarihi tana wani wuri dabam, kuma tana tsakiyar filin inda kowa ke ɗaukar hoto. Mutumin da ke kan dokin tagullar nan, Felipe na Uku, shi ne ya sa hannu a kan dokar korar 1609. Rubutun da ke gindin mutum-mutumin yana yabonsa ne a kan ya dawo da fada Madrid a 1606 bayan ta ɗan bar garin, kuma ya gina dandalin a 1619, bai ambaci korar ba ko da kalma ɗaya. Ina kyautata zaton almajirin Malam yana da hoto a gindin wannan doki bai san ko wane ne a kai ba, kuma wannan ne abin da ya kamata a gyara masa.

Hukuncin zama a wurin kuwa fagen Malam ne, ba nawa ba, kuma Malam ya fi ni sanin ayoyin da ke umartar a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen magabata ya kasance. Ra'ayina dai shi ne wurin yau dandalin jama'a ne, ba wurin ibada ba, kuma waɗanda ke sayar da shayin ba su ne suka kori kowa ba. Zan ƙara da cewa gadon Andalus ya fi kusa da Malam a zaurensa fiye da yadda yake kusa da mai zama a Plaza Mayor: Muwaɗɗar da ake karantawa a garin nan riwayar Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi ce, malamin Ƙurɗuba; mai Alfiyya, Ibnu Malik, a garin Jayyan na Andalus aka haife shi; Alfazazi mai Ishiriniya shi ma mutumin can ne. In almajirin zai dawo da tsaraba mai amfani, a ce masa ya kai ziyara garuruwan waɗannan malamai.

Tambaya ta uku, daga wata Hajiya a Mabera: Ɗana yana karatu a Madrid, zan je bikin kammala karatunsa a ƙarshen watan Yuni, kuma ya ce zai kai ni wannan dandali mu ci abinci. Damuwata uku ce: abin da zan ci, inda zan yi salla, da kuma ko hijabina zai jawo mini matsala.

Amsa: Barka da arziki, Hajiya, Allah ya sa wa karatun albarka. Zan fara da abinci, domin a nan ne ake bukatar lura sosai. Sifaniyawa suna cikin mutanen da suka fi kowa cin naman alade a Turai, kuma za ki ga cinyoyinsa busassu a rataye a shaguna da yawa da ke kewaye da dandalin. Matsalar ba wanda ake gani ba ce, wanda ke ɓoye ne: ana yanka shi ƙanana a zuba a cikin wake da miya da ƙwai, ana kuma sa kitsensa a wasu kayan fulawa masu zaƙi. Ki sa yaron ya rubuta miki kalmomin nan a takarda, ki riƙa duba su a jerin abinci: cerdo, jamón, chorizo, tocino da manteca. Duk inda kika ga ɗaya daga cikinsu, ki tsallake. A gangaren ƙofar maƙeran wuƙaƙe akwai gidan abinci na Botín, wanda aka kafa a 1725 kuma ake lissafa shi a matsayin mafi daɗewa a duniya. Sai dai abin da ya yi suna da shi gasasshen ɗan alade ne, kuma a tanderu ɗaya suke gasa shi da rago, don haka kallon ƙofarsa ya wadatar.

Abincin da aka san dandalin da shi kuwa daga teku yake, duk da birnin ya fi kilomita 300 daga gaɓa. Wata halittar ruwa ce mai laushin nama da suke kira calamar, wadda ake yankawa zobe-zobe. A ƙananan shagunan da ke lungunan fita daga filin, za ki ga mai suya ya damƙo zobban ya barbaɗe su da fulawa, ya jefa a tafasasshen mai, bayan ɗan lokaci ya tsame su da matsami ya cusa su a cikin dogon burodin da aka tsaga, ya miƙo da yankin lemon tsami, mutane kuma na ci a tsaye a bakin kanta. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, abin da ya rage shi ne yaron ya tambaya ko a man ana soya wani abu dabam. Akwai kuma wainar ƙwai da dankalin Turawa da albasa, wadda da man zaitun ake yin ta. Amma ki sani, zama a kujerun da ke cikin filin kuɗin kallo ake biya, ba kuɗin abinci ba. Farashin ya fi na lungun da ke bayansa nesa, kuma a yawancin teburan da ke kusa da ke za a riƙa shan giya. In kuna son nama na halal, unguwar Lavapiés tana gangare, tafiyar kimanin minti 15, cike da mahauta da gidajen abincin 'yan Maroko da Senegal da Bangaladash. Mutanen garin ba sa cin abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare kuma daga ƙarfe 9, don haka gidajen abinci da yawa ba sa ɗora tukunya da wuri.

Na san halin iyaye mata, don haka zan faɗi wannan a fili: kada ki ɗaure wa yaron kilishi ko dambun nama ko man shanu a akwati. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama da kayan madara, kuma in jami'an kwastan suka gani za su karɓe, wani lokaci har da tara.

Babu masallaci a dandalin, amma akwai ƙananan wuraren salla a Lavapiés. Manyan masallatan birnin biyu ne, na Abubakar da ke unguwar Tetuán, wanda aka buɗe a 1988, da na Cibiyar Al'adun Musulunci da ke gefen babbar hanyar M-30, wanda aka buɗe a 1992, kuma duka biyun sai an hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Abin da zai fi rikita ki shi ne lokaci. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, kuma a ƙarshen Yuni azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe 2, rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare, isha'i kuma sai bayan 11. Alƙibla ma ta sha bamban: mu a Sakkwato gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, su a can gabas suke fuskanta su ɗan karkata kudu. Tunda kuma da alama za ki yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu, sallarki cikakkiya ce ba ƙasaru ba, amma ki tuntuɓi malaminki kafin ki tashi.

Hijabi ba abin damuwa ba ne, domin mata masu lulluɓi suna da yawa a tsakiyar birnin kuma ba wanda zai tsayar da ke a kansa. Abin da zai dame ki shi ne zafin rana, wanda zai iya kusantar digiri 40 a wannan lokaci kuma babu bishiya ko ɗaya a filin, sai inuwar rumfuna. Da duwatsun daɓen, waɗanda ba sa shiri da takalmi mai tsini. Da kuma 'yan sane. Ki rataya jakarki ta gaba a ƙarƙashin hijabi, kada ki ajiye waya a kan tebur, gwala-gwalan biki kuma su jira ranar biki. Masu sanye da kayan dodanni da ke kiran mutane a ɗauki hoto sana'a suke yi, kuma da an ɗauka za su miƙo hannu. Lambar neman agajin gaggawa a ƙasar ita ce 112.

Tambaya ta huɗu, daga wani matashi a Arkilla: Ni magoyin bayan Real Madrid ne. A wannan dandalin ne suke bikin cin kofi? Kuma yaya zan samu biza in je in kalli wasa?

Amsa: A'a, ɗana. Real Madrid a dandalin Cibeles take bikinta, tafiyar kimanin minti 20 gabas da Plaza Mayor, abokiyar hamayyarta Atlético kuma a dandalin Neptuno da ke kusa da Cibeles. Abin da za ka samu a Plaza Mayor shi ne rigunan ƙungiyar a shagunan da ke ƙarƙashin rumfuna. A titunan da ke kewaye kuma za ka ga samari baƙar fata, da yawansu daga Afirka ta Yamma, sun shimfiɗa jabun riguna da jakunkuna a kan farin zane, sun ɗaure kusurwoyinsa huɗu da igiya suna riƙe da ita a hannu, domin da an hango 'yan sanda a fizge a ruga. Da yawa daga cikinsu ba su da takardun zama, kuma ya kamata duk matashin da ake zuga shi ya bi ta Illela da Agadas ya san cewa irin wannan sana'a na cikin abin da ke jiran wanda ya tsira daga hamada da teku.

Bizar da kake bukata ita ce ta Shengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ta gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci, kuma ba a mayar da shi in an hana ka. Za a nemi fasfon da zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da shaidar masauki da ta jirgin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki, da kuma abin da ke nuna kana da aiki ko kasuwanci ko karatun da zai dawo da kai gida, wanda a kansa ne aka fi hana matasa. Da kanka za ka je Abuja ko Legas a ɗauki zanen yatsunka, kuma babu dillalin da ke da ikon tabbatar maka da biza, ko nawa ya karɓa. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku sai ka sauka Abuja ko Legas, daga can kuma a yada zango a birane irin su Kasablanka ko Istanbul ko Doha. In ka sauka a Barajas, filin jirgin saman Madrid, layi na 8 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ka tashar Nuevos Ministerios. Daga nan filin wasa na Santiago Bernabéu tasha ɗaya ce a layi na 10, tashar Sol kuma tasha ɗaya ce a jirgin kewayen birni, daga Sol zuwa Plaza Mayor kuwa minti biyar ne a ƙafa. Ka kuma lura cewa hukumar gasar La Liga ba ta tsayar da ainihin rana da lokacin wasa sai saura 'yan makonni, kuma wasan ƙarshen mako na iya faɗawa kowace rana daga Juma'a zuwa Litinin, don haka tikitin jirginka ya haɗa waɗannan kwanaki huɗu gaba ɗaya.